Ranar da Goggo Ta Tsallake Yarinya

Duk wanda ya tambaye ni littattafan ban tsoron da na fi so, sai na haɗiye wani abu mai ɗaci kafin in ba shi amsa. Ina son su har gobe. Amma wadda ta koya mini yadda ake tauna su yayar mahaifina ce, Goggo, matar da ko bihim ba ta sani ba a boko, kuma a kan ɗaya daga cikinsu mutanen ƙauyenmu suka ci mata mutunci da rana tsaka.

Ƙauyen namu yana arewa da Dawakin Tofa, gida jingine da gida, gona jingine da gona. Shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, damina ta yi ta mana rowa, rumbu kan ƙare tun ba a yi shuka ba. Nama sai da salla, dunƙulen magi kuwa sai gidan wane da wane. Abin da ya rage wa miyar kuka ta yi taƙama da shi daddawa ce, daddawar kuma ta Goggo. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba su rayu ba, da wannan sana'a take ci take sha, ba ta taɓa miƙa wa Baba hannu ba.

Ni karatu ya tsaya mini a tsakiyar sakandare saboda babu. Yayana mai zuwa cin rani birni shi ke kawo mini littattafai, 'yan sirara masu baƙar takarda, wasu bangon ma ya ɓalle. Bayan azahar mata kan taru a tsakar gidan Goggo, ana tsintar kalwar daddawa, ana ɓarar gyaɗar iri, ni kuma ina karantawa da ƙarfi. Na soyayya Goggo ba ta da lokacinsu. Na aljanu da matsafa da mayu take so, su ma ba kowanne ba. Idan marubuci ya cika zubar da jini sai ta ce, "Ajiye, 'yar nan. Wannan mahauci ne ya yi ɓatan kai ya shiga rubutu." Wanda ta fi yabawa na wani mutum ne da ya dawo daga fatauci ya tarar da gidansu lafiya lau, uwarsa na daka, ƙannensa na wasa, sai dai babu mai inuwa a cikinsu. An daɗe ana musu a kan ko ya kamata ya ci tuwon da uwar ta ajiye masa. Goggo ta ce ita da ci za ta yi, uwa uwa ce, kuma a wannan zamani ba a mayar da tuwo.

Sai muka zo kan littafin mayyar. Tsohuwa ce a labarin, mai zama bakin rijiya tana kiran yara da murya mai daɗi, tana zuba kurwarsu a tulu. Ni karatuna a miƙe yake, ba gishiri. Goggo ta ce ba haka mayya ke kira ba, ta karɓe. Duk inda na zo kan maganar tsohuwar sai in dakata, ita kuma ta lanƙwasa murya, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "Zo mana, jikalle, zo ki ga abin da na ajiye miki." Mata su yi ta dariya har da riƙe ciki. Matar maƙwabcin Goggo ita ce kan gaba wajen cewa a maimaita. 'Yarta, yarinya mai famfara, takan ruga ta ɓuya bayan turmi, ta leƙo, ita ma ta ce a sake. Yarinyar nan kusan a ɗakin Goggo ta tashi, can take cin ƙanzo, can take barcin rana.

Ana tsakiyar zafin bazara zazzaɓi ya kama yarinyar, irin mai hawa kai. Ta fara sambatu, abin da take ta faɗi kuwa shi ne, "Goggo tana kirana, Goggo ta ce in zo."

A wurinmu wannan magana fassararta ɗaya ce. Idan mara lafiya ya kama sunan mutum, an ce mutumin maye ne, ya riƙe masa kurwa, kuma maganin shi ne a kawo shi ya tsallake majinyacin a gaban jama'a don ya sake shi. Kowa ya san tarkon da ke ciki. In ka ƙi, an ce ka ƙi saki. In ka tsallake ya warke, an ce ga shi nan, da ma kai ne. In ya mutu, ka cinye.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne sun sani. Matan nan da suka cika gidan maƙwabcin da hantsi suna salati, babu wadda ba ta ji Goggo tana wannan kira ba, babu wadda ba ta yi dariya ba. Na shiga da littafin a hannuna, na buɗe wurin, na ce ga inda maganar ta fito, ga rijiyar, ga tulun, yarinya ta ji ne zafin ciwo ya dawo mata da shi. Na dubi uwar na ce, "Yaya, ki faɗa musu mana." Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Mijinta bai san tana zuwa sauraren labarin aljanu ba, sauran ma haka, kowacce ta ce wa nata taya Goggo tsintar kalwa take zuwa yi. Faɗin gaskiya zai jawo faɗa a gida, wataƙila a hana fita. Suka auna, suka ga sunan tsohuwar da ba ta da ɗa ya fi araha. Wata ma cewa ta yi ita tun ranar ta ji muryar ta yi kama da gaske da yawa.

Uban yarinyar ya ce mini, "Ke, rufe mana baki. Ana maganar rai kina kawo mana tatsuniyar 'yan boko." Baba ya zo ya yi magana. Liman ma ya ce wannan zato ne, zato kuwa zunubi, a kai yarinya asibiti. Uban ya rantse ba inda za a kai ta, wai ciwon maye ba ya jin allura, allura ma ƙarasa ta za ta yi. Na san abin da ke ƙarƙashin rantsuwar. Asibiti sai an sayar da akuya, tsallake kuwa kyauta ne. Ban tausaya masa ba a lokacin, yanzu ma ban tausaya masa ba.

Goggo tana gidanta, ta ji komai ta kan katanga. Baba ya same ta ya ce, "Yaya, kada ki je. Kina taka gidan nan kin amsa." Ta ce ta sani. Ta tambaye ni yaya jikin yarinyar, na ce wuyanta ya fara sanƙarewa, idonta na juyawa. Ta tsame hannunta daga ruwan kalwa, ta goge, ta yafa mayafi ta fita, mu kuma muka bi bayanta.

An kwantar da yarinyar a tabarma a tsakar gida, maza sun cika zaure. Goggo ta tsaya ta dubi uban, mutumin da ta goya yana jariri. Ta ce, "Ɗan nan, in na tsallake, za ka ɗauke ta yanzu ka kai ta asibiti?" Ya ce ta dai sake ta tukuna. Ta ce, "A'a, ka faɗa a gaban liman." Ya faɗa. Ta sa aka kawo amalanken shanu ƙofar gida tana gani da idonta. Sannan ta tattare zani, ta ɗaga ƙafarta mai ciwon gwiwa, ta tsallake, ta juyo ta sake tsallakewa yadda suka nema. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, kuma na zagi manya a ranar, zagin da har yau ban janye ba.

Yarinyar ta kwana biyu a asibiti, ta sha allurai da ƙarin ruwa, ta tashi. Da suka dawo ba wanda ya ambaci allura. Cewa aka yi, "Kun gani ko? Tana tsallakewa yarinya ta samu kanta."

Daga nan daddawar Goggo ta zama guba. Nakan ɗauki faranti in zaga gari in dawo da shi yadda na fita, ƙuda ne kawai suka taɓa. Mutanen da ba su da nama ba su da magi suka gwammace su sha miya lami. Na kai kasuwar wani gari, labari ya riga ni zuwa. Tsakar gidan da ke cika bayan azahar ta koma sai kaji. Matan da suka yi dariya har da hawaye, in sun hango Goggo a hanya sai su ja 'ya'yansu suna tofa addu'a. Matar da ba ta taɓa roƙo ba ta koma jiran kwanon tuwo daga gidanmu, mu ma da ƙyar yake isar mu. Na ci gaba da karanta mata littattafai, mu biyu, tana yabawa tana kushewa kamar da, amma ba ta ƙara yin muryar kowa ba.

Akan ce mini jahilci ne, a yi musu uzuri. Ban yarda ba. Jahili bai sani ba ne, waɗannan kuwa suna zaune a wurin da gyaɗa a cinyarsu.

Wata rana da la'asar, bayan yarinyar ta yi ƙwari, sai ga ta ta faɗo gidan da gudu, ta saci jiki, kai a aske saboda jinya. Ta nufi Goggo za ta faɗa jikinta yadda ta saba. Na ga hannun Goggo ya ɗago da kansa, ta mayar da shi ta ɓoye cikin zani. Ta haɗe rai, ta yi tsawar da ban taɓa jin ta yi wa yaro ba.

"Fita. Koma gidanku."

Yarinyar ta tsaya tana kallonta.

"Na ce ki fita. Kada ki ƙara shigo mini gida."

Ta juya ta fita tana kuka. Goggo ta ce mini ba tare da ta dube ni ba, "In aka gan ta a nan, gobe ko tari ta yi ni za su nema, ba za su kai ta asibiti ba. Leƙa ki gani ko ta shiga gida."

Na leƙa. Ta shiga.