Maganin Jini da Kunun Kanwa

A shekarar da na gama kwaleji aka tura ni Bodinga koyarwa a makarantar elementare, lokacin Turawa ba su tafi ba, kuma a shekarar aka yi mini aure. Da cikin maiɗakina ya tsufa, aka mayar da ita gidansu a Shagari goyon ciki, kamar kowace mai haihuwar fari. Ta sauka, 'ya mace, amma ta zubar da jini sosai. Bayan suna aka bar ni na gan ta na ɗan lokaci a zaure. Ta yi mini murmushi, leɓɓanta fari fat, tafin hannunta kamar an jiƙa shi a ruwa.

Na hau keke har Sakkwato. Malamin asibiti ya saurare ni, ya ba ni kwalbar maganin ƙarin jini, baƙi-baƙi, mai warin tsatsa. Ya ce cokali ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar, tsakanin abinci da abinci. Kada a haɗa shi da nono, kada kuma a haɗa shi da kanwa, don suna ɗaure shi ya wuce bai shiga jiki ba. In da lemun tsami, ta bi shi da shi. Na sa ya maimaita mini, ya maimaita, har ya soma ƙosawa da ni.

A hanya na gane wahalar. Maijego a wurinmu kunun kanwa ne abincinta, sai fura da nono. Ni kuwa ban isa in dubi surukata in koya mata ciyar da 'yarta ba. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe ta kaina ƙasa. Ɗan fari ma abin kunya ne a ga ka damu da shi a fili. Saboda haka na kai saƙon wajen kakata, wadda 'yar Shagari ce kuma kowa na jin maganarta.

"Kaka, ba da kunu ba, ba da fura ba. Sai an jima da ci."

"To mijin tsiya, mi za ta ci, iska?"

"Ta ci, amma a raba su. Ina jin haka ya ce."

"Kana ji, ko ya ce? Kai boko ya cinye ma kai. Mun haifi ubanka da kunun kanwa, ga shi nan awa rimi. Kawo kwalbar, kishiyata ta sha ta tashi mu yi faɗa."

Na ba ta, na sa ta a motar kasuwa mai zuwa Shagari, ina ta nanatawa har direba ya ja.

Duk Juma'a nakan je. Daga bayan zana nake tambaya ya mai jiki, a ce da sauƙi. Ana shan magani? Ana sha. Yadda ake sha ne bakina ya kasa tambaya, don ba tambayar da suruki ke yi ba ce. Zuwan ƙarshe da na gan ta, ƙafafunta sun kumbura, tana magana tana hutawa. Ta ce jaririyar tana da goshina, Allah ya sa kada ta ɗauko tsorona. Maiɗakina ba ta kai arba'in ba, ta rasu.

Bayan sadakar bakwai surukata ta aiko a kira ni. Ba ta taɓa ce mini abin da ya wuce gaisuwa ba. Ta miƙo kwalbar, an wanke ta tas.

"Malam, amanarka ta. Ko rana guda ba ta ƙetare ba. Ta ce ɗaci garai, yana tayar mata da zuciya, sai ni riƙa zuba mata cikin kunu da zahi-zahi, ta shanye duka. Da hannuna ni ka ba ta."

Tana faɗa tana kuka, tana son in san ba ta yi sakaci ba. Kuma ba ta yi ba.

Daga baya na tambayi masu aikin asibiti da dama. Wani ya ce jinin ya riga ya yi ƙasa, ko an raba da wuya ta tashi. Wani ya ce wataƙila zuciya ce. Ban sani ba, kuma ba na jin zan sani. Ko kakata ta isar da saƙon yadda na faɗa, ban tambaye ta ba har ta rasu.

A ranar dai da surukata ta miƙo mini kwalbar, na sa hannu biyu na karɓa. Na ce, "Inna, Allah ya saka da alheri, kin yi duk abin da ake yi." Ta ce amin. Na ɗaure kwalbar a bayan keke, na tura shi da ƙafa har na fita gari, don idona bai ganin hanya.