Ƙungiyarmu Ce, Amma Sunana Kaɗai Hukuma Ta Sani

A lokacin ina da ɗan kanti na kayan masarufi a unguwar Maamobi, kuma ni ce 'yar boko a cikin matan layinmu tunda na gama sakandare. Ina da rawar kai, ba zan ɓoye ba. Da kantin nan muke ci, da shi nake biya wa 'ya'yana biyu makaranta tun bayan rasuwar babansu.

Mata masu sayar da wake da shinkafa ne suka kawo shawarar mu haɗa ƙungiya, mu riƙa saro buhuna da mai gaba ɗaya a Kasuwar Malam Atta don mu samu sauƙi. Aka taru a gidan Magajiya, shugabar matan unguwa, malam ya yi addu'a, aka shafa Fatiha, aka raba goro. A wurinmu ƙungiya ta kafu ke nan. Na ɗan taɓo maganar rajista da buɗe asusu da sunan ƙungiya, sai Magajiya ta dube ni ta tambaya wai wace takarda ce ta fi Fatiha ƙarfi, ko kuwa ina ganin akwai ɓarauniya a cikinmu ne. Kunya ta rufe ni, na janye maganar. Nan take aka ce kowa ta riƙa turo kuɗinta ta momo, wato asusun kuɗi na waya, a layin wayata, kaya kuma a sauke a kantina. Wallahi har daɗi na ji, wai ni ce aka yarda da ni. Kai, wauta!

Ciniki ya buɗe, har daga unguwannin Nima da Alajo mata ke shigowa. Riba kafin azumi ake rabawa, in an yi suna ko rasuwa a ɗiba a kai gudummawa, babu rasit, babu sa hannu. Ban taɓa cin kwabon kowa ba, kuma na ɗauka hakan ya isa.

Ranar da ma'aikatan haraji suka zo zagaye, sai suka tarar da buhuna har rufi a wurin da suka sani a matsayin ƙaramin kanti. Na ce kayan ƙungiya ne, suka nemi takardar ƙungiyar, ni kuwa ba ni da ita. Da aka bincika abin da ke shiga layina, sai aka lissafa shi duka a matsayin cinikina ni kaɗai, aka ɗora mini harajin shekarun baya da tara. Babbansu bai yi mini tsawa ba, ya ce in kawo matan su ba da shaida ko za a duba.

Gida gida na bi su ina roƙo. Wata ta ce mijinta ya hana, wata ta ce ita ba ta shiga ofis, 'yan uwanmu da suka zo daga Nijar kuwa tsoron a tambaye su takardu suke yi. Magajiya ta ce jarrabawa ce, in yi haƙuri. Kafin in ankara kowa ta zo ta kwashe buhunta. Ba wadda ta raka ni. Dole na sayar da kantin na biya, na cire babbar 'yata daga makaranta. Na yi kuka har na gaji, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba.

Abin da na gane a makare shi ne, neman takarda ba zargin kowa ba ne, kariya ce ga wadda aka ɗora wa amana. 'Yan uwana mata, ku yi addu'arku, amma ku yi rajista, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, ku tambayi wanda ya san haraji tun kafin buhun farko ya sauka. Kada wadda ta yarda a yi amfani da layinta, ko da uwarta ce shugaba. Ni yanzu ruwan leda nake sayarwa a tashar mota, babbar 'yar tawa da take burin zama nas tana biye da ni da nata a ka. Ba ta taɓa ce mini komai ba, ni ce dai na kasa haɗa ido da ita.