Ajiyar Alhazai a Dutsen Misfala

Me ya hana Malam barin kayan nan a rushe gida a kansu, kamar yadda maƙwabta suka yi da nasu tarkacen? Na tambayi kaina, na tambayi 'ya'yansa, har yau da nake faɗa ana rubuta mini ban samu amsa ba.

Ban iya karatu ba in ban da na salla, amma jan fentin da aka fesa a bangonmu na Misfala ba sai an karanta mini ba. Izala ce. Duk mazaunin Makka ya san ta: ku kwashe, za a share unguwa.

Gidan haya ne a kan dutse, sai ka hau matakala har gwiwa ta gaya maka. Malam mijina tela ne, amma an fi saninsa da ajiya. Alhazan ƙasarmu in kaya ya fi ƙarfin awon jirgi, wurinsa suke hawowa. Wannan ya bar akwatin ƙarfe, wancan risho da tukwane, wata bargo da buta, kowa ya ce sai baɗi in Allah ya kai mu. Kaɗan ne suka dawo. Malam ba ya rubutawa, da wurin zama yake gane su: na kusurwa na mutumin Maraɗi ne, na samansa na wani gurgu ɗan Kazaure. Ɗakuna biyu gare mu. Na haifi 'ya'yana na yaye su a guda, akwatunan baƙi suna hutawa a ɗayan.

Da izala ta zo, sai kowa ya zama mai sallama. Mai gidan da muke haya ya ce ba zai sallame mu ba sai ya ga ɗakuna fayau. Masu wuta suka ce sai ya sallame mu za su cire mita su sallame shi. Wanda zai ba mu haya a unguwar Hindawiyya ya ce a nuna masa sallamar tsohon gida tukuna. Likitan da ke duba ƙirjin Malam shi ma ya sallame shi, da sharaɗin kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi. Wannan ce kaɗai ta dame ni, ita ce kuma kaɗai Malam bai saurara ba.

Na ce masa a rabar da kayan sadaka. Ya ce mutum ba ya sadaka da abin da ba nasa ba. Na sa aka kai shi wurin limamin unguwa, liman ya ce ya halatta a bayar da niyyar ladan ya je ga masu su. Malam ya yi godiya, ya dawo gida ya ce mini ai liman bai ga fuskokinsu ba ranar da suka ba shi amana.

Babban ɗanmu, mai tuƙa tasi, Larabci ya fi yi wa uban nasa. Ya yi ta cewa halas, ya Baba, halas, wato ya isa haka, mutanen nan rabinsu sun mutu. Daga baya ya gaji ya kawo leburori. Suna shiga suka fara jidar kaya yadda suka ga dama, na sama ya koma ƙasa, murfi ya rabu da tukunya. Malam ya tare ƙofa yana haki, ya ce in suka hautsina masa jeri ba zai ƙara sanin na wane ne ba. Ya kore su.

Shi ya riƙa saukowa da kayan da kansa bayan asuba, ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a motar ɗan nasa yadda suke a ɗaki. Ni ina biye da shi da gorar ruwa ina masifa. Na ce, “Malam, wanda ya bar risho tun kafin a haifi autarmu, yau ne zai hawo ya ce a ba shi?” Ya ce in rage murya, mutane na ji.

A tsakiyar matakala ya zauna, akwati a cinyarsa, bai iya tashi ba. Kwana kaɗan ya yi a asibiti. Ko gawarsa sai da aka jira takardar sallama kafin a ba mu a kai Harami a yi masa salla. Na zauna a benci ina kuka ina jin haushinsa, har yanzu kuma duka biyun ba su sake ni ba.

Kayan suna nan Hindawiyya, sun ci rabin ɗakina. Ni ban san na kowa ba. Babban ɗanmu ya sake cewa a zubar, na ce ya gwada ya gani.

Ranar da zai rasu na matsa kusa da shi, ina zaton gafara za mu nemi juna kamar yadda ake yi. Ya daɗe yana motsa baki, sannan ya kama gefen mayafina.

“Hajiya, akwai tabarmar salla ta wata tsohuwa 'yar Zinder a bayan ƙofa. Ki aika a ɗauko kafin su rushe.”