Midhat, Mai Koya wa Ɗan Mutumin Kwamfuta Tsayuwa

Kullum da safe Injiniya Midhat Sarhan zai shigo benen da nake gadi a Iskandariyya, da gurasa da wake a leda, ya gaishe ni, ya hau sama. Aikinsa kayar da wani ɗan mutum ne a cikin kwamfuta. Shekaru na yi ina kai masa shayi, har yau ban gama gane abin ba.

Ya ce shi ba ya zana wa ɗan mutumin tafiya. Nauyi yake ba shi, da gwiwa, da ƙugu, da ƙasar takawa, sai ya bar shi ya yi ta faɗuwa har ya koya. In ya fara tsayuwa kuma, ya jefe shi da akwati. Wai haka ake yin mutanen cikin wasannin waya, waɗanda in ka ture su sukan yi tangaɗi kamar masu rai.

Na ce, "Injiniya, me ya yi maka?"

Ya ce, "Horo ne, Baba Fargali."

Na ce, "Da gemunka?"

Bara ciwon suga ya sa aka yanke mini ƙafar hagu. Aka ba ni ta roba, na jingine ta da bango. Ni ba na faɗuwa a gaban mutane. Mai benen ya fara neman wani mai gadi, ɗakin da muke kwana kuwa na mai gadi ne.

Midhat ya sauko da kwamfutarsa. Ya auna ni, ya ba ɗan mutumin nauyina da tsawona da ƙafa irin tawa. Ya ce, "Ture shi." Na ture, ya kife. Matata Nabawiyya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Wallahi kai ne, har tumbin!"

Muka yi kwanaki muna kallonsa yana shan ƙasa. Wata rana na ture shi, ya yi tangal-tangal, ya karkata ƙugu, ya tsaya. Ban sani ba ko shi ya koya, ko Midhat ne ya taimaka masa a ɓoye. Na ce a miƙo mini ƙafar.

Wannan watan Midhat zai ajiye aiki, idonsa ya gaji. Masu buga wasanninsa ba su san sunansa ba. Ni na sani.

Midhat, kai ne ka sa wani ya faɗi a madadina har kunyar ta sake ni. Na gode, Allah ya saka. Ku masu ilimi, ku riƙa saukowa ƙasa kamarsa. Za ku same ni a bakin ƙofa, a tsaye.