Kujera ta biyu a jirgin Yaya Shitu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Shitu ya rasu.

Da safen nan ina buɗe rumfa, ko tsintsiya ban ajiye ba, wayata ta yi ƙara. Maƙwabcinsa ne. Ya ce mota ta buge Shitu a kan mashin a hanyar Mai'adua, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Na ce, wane Shitun?

Wallahi haka na tambaya, kamar akwai wani.

Jiya jiyan nan muna tare har aka kira magariba. Ga robar fura can da ya manta a rumfata, ban ma wanke ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai gyaran injinan dogayen ƙarafan sabis ɗin waya, daga Daura har Baure da Babban Mutum. Idan sabis ya ɗauke a ƙauyenku ya dawo, wataƙila shi ne ya hau. Amma a unguwa ba wanda yake ce masa injiniya. Kyaftin ake ce masa, da tsokana aka fara, har sunan ya zauna.

Dalili kuwa, sau ɗaya wurin aikinsu suka tura shi Legas a jirgi, ya samu kujerar taga. Tun daga ranar bai warke ba. Ya dawo ya kwashe shagon da ke jikin zauren gidansu, ya ce zai haɗa gaban jirgi a ciki, irin wanda ake koyon tuƙi da kwamfuta.

Ni ɗinkin kujerun mota nake yi a bakin tasha. Karatuna bai wuce firamare ba. Wata rana sai ga mutum ya sauke min tsofaffin kujerun motar haya guda biyu, soso duk a waje, ya ce, "Tela, na jirgi nake so ka mayar min da su."

Na ce, "Yallaɓai, jirgin naka ina ya yi fakin?"

Ya ce, "Jikin zaurenmu. Zo ka gani, amma ka cire takalmi."

Haka muka fara.

Na tambaye shi me zai yi da kujera biyu, shi kaɗai ke tuƙi. Ya ce ta biyun ta Baba ce.

Baba Alhaji, mahaifinsa, tsohon falken dabbobi ne, mutum mai kaifin baki. Shagon nan yana kan hanyarsa ta zuwa masallaci, kullum sai ya wuce ta ƙofar, amma bai taɓa leƙawa ba. Yakan ce, "Ƙato da 'ya'ya, yana wasan yara. Ni da na hau na gaske har Jidda, me zan yi da na katako?"

Yaya Shitu sai ya ce, "Baba, me ka gani a na gasken?"

"Ƙeyar wani Bazazzagi na gani. A tsakiya suka sa ni."

"To ni a gaba zan sa ka."

"Ka sa uwarka," in ji Baba, ya wuce da carbinsa.

Mu yi ta dariya. Amma ni na lura, duk ranar da aka yi haka, Yaya Shitu yakan daɗe yana ta murza sukurun da ya riga ya ɗauru. Abu ɗaya yake so a aikin nan gaba ɗaya: tsohon nan ya shigo, ya zauna, ya gani da idonsa.

Da farko talabijin ya jera a gaban kujerun. Ni ya yi min kyau. Shi ya ce a'a. Ya zaunar da ni a kujerar Baba, ya ce in dubi titin jirgin. Sai na ga titin ya karkace, ya nufi wajensa, ba wajena ba. Ya ce, "Ka gani? Talabijin mutum ɗaya yake yi wa gaskiya. Ga shi idon Baba ba ya son abu kusa, ko waya sai ya miƙa hannu. Hoton nan sai mun kai shi nesa."

Na ce, "A ɗakin da bai fi shimfiɗar tabarma kaɗan ba, ina za ka samo nesa?"

Ya ce, "Madubi."

Yana da dogon suna na Turanci. Ni madubin nesa nake ce masa.

Ba gilashi ba ne. Wata leda ce mai sheƙi, kamar ta cikin kwalin madara, amma siririya ƙwarai, ya yi odarta daga waje. Muka yi mata gida da falanki, mai lanƙwasa kamar an yanko gefen babbar ƙwarya. A manna ledar a bakin katakon, a toshe ko'ina, sai a kunna injin da ke zuƙe iskar da ke bayanta. Tana jin an zuƙe, sai ta lotsa ciki ta yi sumul. Majigi yana haska wani farin allo a saman kanka, madubin ya ɗauki hoton ya jefa shi can gaba.

A baki ke nan. A hannu kuwa mun sha wuya.

Lissafi nasa ne, jan leda nawa ne. Ka ja nan, can ya tattare. Ka gyara can, kusurwa ta yamutse kamar goshin tsoho. Zafin bazara ya sa gam ya saki. Wata rana muka ƙara wa injin ƙarfi, ledar ta fashe, fau! har akuyar gidan ta tsinke igiya. Na dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Fasinjoji a yi haƙuri, taya ce."

Bai taɓa yi min tsawa ba, ko ranar da na ɗora yatsa a kan ledar shatin ya ƙi fita. Ita ba a taɓa ta, ba a goge ta da tsumma. Cewa kawai ya yi, "Shi ke nan, ka sa hannu a aikinka."

Shi ya sa min fitilar sola a rumfa, ban roƙa ba. Ya ga ina ɗinki da tocilan a baki.

Idan saƙon Turanci ya shigo wayata, ba ya cewa kawo in karanta maka. Sai ya ce, "Zo mu duba tare, ni ma Turancin nan yana ba ni wuya." Ƙarya yake yi, na sani, shi ma ya san na sani.

Lokacin da Innata ta kwanta a asibiti, kullum sai ya biyo da kunu daga gidansa kafin ya wuce aiki.

Jiya da la'asar muka ɗaura ledar ƙarshe da ta rage. Na bi gefe a hankali, shi yana riƙe da numfashi. Na kunna injin. Tattarar ta fara gudu tana ɓacewa, tana ɓacewa, har ba saura.

Ya kunna majigi.

Jama'a, bangon shagon ya tafi. Ban san yadda zan faɗa muku ba. Titi ne a gabana, miƙe, har inda ido ya ƙare. Na kai kaina dama, na kai hagu, bishiyoyin can ba su motsa ba, kamar yadda wata yake yi idan kana tafiya. Ina kujerar Baba, yana tasa, kuma kowa titin a gabansa yake.

Ya tashe mu daga filin jirgin Katsina. Na riƙe kujerar da ni na ɗinka da hannuna. Ya kawo mu saman Daura, ya nuna min hanyar da a da Baba yake bi da shanu zuwa kasuwar Mai'adua.

Ya ce, "Tela, yau mun gama. Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci zan tare shi a ƙofa. Ko ya zage ni sai ya shigo."

Na ce, "In ya ƙi fa?"

Ya ce, "Sai wata Juma'ar. Ai ba ƙarewa suke yi ba."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Ina cikin masu zuba ƙasa, amma har yanzu ji nake kamar wani aka binne.

Muna dawowa hadari ya haɗo ta gabas. Mutane cike da ƙofar gida a kan tabarmi, zaure ba zai ɗauke su ba. Kawu Isa, ƙanin Baba, ya ce a buɗe shagon nan a kwashe tarkacen, a shimfiɗa wa masu gaisuwa. Ba laifinsa ba ne, haka ake yi a kowane gidan rasuwa.

Ina can ina alwala na ji ƙarar guduma.

Ban san lokacin da na yar da buta ba.

Na tarar an fitar da tebur da wayoyi. Madubin ya ƙi fita, don a cikin ɗakin muka haɗa shi, ya fi ƙofar faɗi. Wani ya fara dukan katakon ta gefe. Wani kuma ya kai hannu zai yage ledar. In injin yana kashe, sakwaf take, ba ta kama da komai. Ya ɗauka irin wadda ake naɗe sabon kaya ce, madubin yana ƙarƙashi.

Duk wanda ya san ni ya san ba na ɗaga murya. Yau na ɗaga. Na ce, "Kar ka taɓa!" har na waje suka yi tsit.

Kawu Isa ya ce, "Kai kuma ɗan gidan wa? Ana makoki kana tsare kayan wasa? Ruwa zai daki dattawa saboda leda?"

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. A kai su rumfata, a kai su masallaci, ni zan ɗauki tabarmin a kaina. Amma wannan ita ce ta ƙarshe, babu wata."

"Matsa ka ba mutane wuri."

Ban matsa ba.

Sai na ji an ce, "Isa, bar yaron."

Baba Alhaji ne a bakin ƙofa. Tun safe ban ga hawayensa ba, amsa gaisuwa kawai yake yi. Ya ce a shigar da dattawa masallaci. Sannan ya tsaya yana kallon ɗakin, ya daɗe. Ya cire takalmi, ba wanda ya ce masa ya cire, ya shigo.

Ya ce, "Wacce ce tawa?"

Na nuna masa. Ya zauna, ya tattara babbar rigarsa a cinya.

"Kunna."

Na mayar da wayoyin da aka zare. Na kunna injin, ina addu'a kada gudumar ta buɗe wata kafa. Ledar ta ja, ta ja, ta yi sumul. Kusurwa ɗaya ce kawai ta ɗan tattare. Na kunna kwamfuta da majigi, yadda na saba ganin yana yi.

Titin ya fito.

Baba ya miƙa hannu gaba kamar zai taɓa, ya dawo da shi. Ya cire tabarau. Ya kai kansa dama, ya kai hagu. Ya ce a hankali, "Ikon Allah. Ina bangon?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

"Shitu ne ya yi wannan?"

"Shi ne."

Ruwa ya sauko a kan kwano. Muna zaune. Can ya ce, "To, mu tafi mana."

Nan ne na kasa riƙe kaina. Na ce, "Baba, ban iya ba. Ni leda na iya ja. Shi kaɗai ya iya tashinsa."

Ya juya ya dubi kujerar da ke gefensa. Ya ɗora hannu a kanta. Muka zauna a kan titin, injin yana ta gunji, jirgin bai motsa ba, har aka kira la'asar.

Da zai tashi ya dafa kafaɗata. Ya ce, "A rufe ɗakin nan, makulli a hannunka. Ka nemo wanda ya iya, ko kai ka koya. Ina so in ga inda ya so ya kai ni. Kuma ka yi sauri, ɗana, ka ga yadda abin yake."

Shi ya sa na yi wannan dogon rubutu, ku yafe kurakuraina. Idan a cikinku akwai wanda ya iya tuƙa jirgin kwamfuta, a Daura ko Katsina ko Kano, don Allah ya yi min magana ta inbos. Bayan an share makoki nake so. Ba wani abu mai yawa ba ne, ya tashe mu, ya zaga da dattijo saman gari, ya sauke shi lafiya. In kuma koya min zai yi, ina da haƙuri, zan zauna.

Ya Allah, ga bawanka Shitu ya zo maka ba shiri. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa iya ganinsa, ka haskaka shi. Ka raya 'ya'yansa, ka sanyaya zuciyar matarsa da mahaifiyarsa. Ka ba Baba Alhaji haƙuri da tsawon rai.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu, ya sa shi a sujadarsa ta yau. Allah ya sa mu ma a samu masu yi mana.