Ranar da Na Rufe wa Sarba Baki

Shekara huɗu na yi ina kula da sarbar wata ƙaramar cibiya a Lamorde, ƙetaren kogi a Yamai, inda ake adana tsofaffin waƙoƙi. Sarba babbar ordinata ce, wato kwamfuta, da ke zaune a ɗaki mai sanyi, kuma a cikinta rumbun bayananmu yake: kowace murya, da ƙauyenta, da wanda ya rera. Mafi yawansu aikin wani tsohon malami ne da muke kira Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin ƙauyuka da rakoda, yana ɗaukar waƙoƙin daka da na masunta. Shekarar da kogi ya shigo unguwa, ruwa ya cinye kaset-kaset ɗinsa duka. Abin da muka riga muka juye a sarba shi kaɗai ya rage.

Da hannuna na haɗa manhajar da ke gadin sarbar. Ko tari ta yi, saƙo zai shigo salulata. Ina alfahari da abin, har ina yi wa abokan aiki tsiya cewa ta fi maigadinmu farkawa.

Sai bazara ta zo. Wanda ya san Yamai ya san yadda kuran, wato wutar lantarki, ke yi a watannin nan: a ɗauke, a kawo, a sake ɗaukewa kafin ka gama alwala. Kowace ɗaukewa saƙo, kowace dawowa saƙo. Ni kuwa mace ce mai gajen haƙuri, kowa ya shaida. Wata rana ina cikin taksi a kan gada, zufa har cikin ido, salula ta yi ta kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Ina isa buro, wurin aikina, na kashe saƙonnin gaba ɗaya, na ce sai damina ta sauka in kunna. Damina ta sauka, ta wuce, ban tuna ba.

Kullum da safe nakan leƙa allo, in ga layin kwafin ajiya kore shar, in ci gaba da shayina. Ashe kallon kitse nake wa rogo. A ɗaya daga cikin ɗauke-ɗauken nan, diskin da muke ajiye kwafi a kansa ya mutu. Sarba ba ta daina yin kwafi ba, sai dai a cikin nata diskin take zubawa. Koren nan cewa kawai yake aikin ya kammala, bai damu da inda aka zuba ba. Gargaɗin yana can cikin saƙonnin da na kashe.

Wata Litinin da hantsi sarba ta ƙi tashi. Na ji diskinta yana ƙas-ƙas. Na koma wurin kwafi na tarar da gawa. Da na buɗe tarihin saƙonni a ordinatata, sai ga gargaɗin jere, kullum kullum, wata da watanni, yana kirana. Kwana uku ina gwada duk dabarar da na sani. Na kai diskin wurin wani gwani a unguwar Lazare, ya juya shi, ya saurara, ya ce cikinsa ya karce, sai dai haƙuri. Sunayen ƙauyuka da na mawaƙa kawai na iya tsamowa daga wata tsohuwar takarda. Murya ko ɗaya babu.

Shugaban cibiya ya ce a faɗa wa Baba cewa kuran ne. Na ƙi, don ba kuran ba ne. Na sami Baba a gidansa bayan la'asar, na durƙusa na faɗa masa komai, har da taksin. Na so ya zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Shi kuwa sai ya tambaya ko waƙar dakan nan ta matan wani tsibiri ma ta tafi. Na ce ta tafi. Ya ce waɗanda suka rera ta babu ko ɗaya da rai.

Sai ya gyara zama.

"'Yata, salularki tana ɗaukar murya? Kunna. Tun ina da sauran numfashi."

Na kunna. Ya fara rerawa da Zabarmanci, muryarsa siririya, yana buga gwiwa a madadin taɓarya. Baiti na farko ya fito, na biyu ya fito. A na uku ya tsaya. Ya koma farko, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa. Leɓɓansa suna motsi, babu abin da ke fitowa.

"Nan wata tsohuwa ce take karɓa," in ji shi. "Ban taɓa haddace nata ba. Na ce ai yana cikin kaset."

Salula tana ta ɗauka, ni na kasa kashewa, shi kuma bai ce in kashe ba.