Tambayar da na yi wa Baba Yohanna bayan rasuwar 'yata

Muna zaune a shagon Baba Yohanna a Sabon Gari, kwana uku da binne 'yata ta fari. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, lokacin ina aikin haska fim a gidan silima, gidana kuma yana Fagge. Shi tela ne, Kirista mutumin Zariya, aminin mahaifina.

Duk na gaji, ko abinci ba na iya ci. Na ce masa, "Baba, kullum ina kallon mutane suna mutuwa a jikin farin ƙyalle, in na mai da fim baya su tashi. Anya mu ma ba hoto ba ne ake haskawa? Wallahi sallar ma ta fara yi mini nauyi."

Bai tsai da keken ɗinkinsa ba. Ya ce, "To a ce hoto ne. Ka taɓa ganin fim ya haska kansa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ni 'ya'ya biyu na binne. Tashi, ga shi can ana kiran la'asar. In ka idar ka wuce gida, matarka ita kaɗai ce."

Na yi sallar, ban ji wani sauƙi ba. A gida na tarar da matata Asabe ta ninke kayan yarinyar, ta rasa inda za ta ajiye su. Na karɓa na riƙe, muka zauna.

Yau jikokina ke gardama wai duniya shirin kwamfuta ce, ni kuwa ba ni da ƙarfin musu. Ku da kuka taɓa binne ɗa, wa ya tashe ku zuwa sallar farko?